Idan Matsalar Haihuwa Daga Maigida Take

Uwargida, a yawancin gidajenmu idan aure ya kai shekara biyu babu ko ɓari, matar ake zuba wa ido. Ita ke shan jiƙe-jiƙe, ita ke zaryar asibiti, wani lokaci har a yi mata kishiya. Alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Don haka idan an shekara ana tare, ba a tsarin iyali, kuma ciki bai shiga ba, su biyun ne za su ga likita. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa.

Ki sani, kuzarin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar maniyyinsa daban. Gwajin maniyyi ne kaɗai ke nuna yawan ƙwayoyin haihuwa, motsinsu da siffarsu. Ana so ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ƙasa da ƙwayoyi miliyan 16 a mililita ɗaya ya yi kaɗan. Kumburin jijiyoyin maraina, ciwon sanyin da ba a yi maganinsa sosai ba, hangum bayan balaga, shan taba da allurar ƙara ƙarfin damtse duk suna iya jawo haka. Wasu ana gyara su da magani ko ƙaramar tiyata, amma sai an jira kamar wata uku a sake gwaji, domin tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan yana haɗa sababbin ƙwayoyi.

Idan hakan bai wadatar ba, akwai hanyoyi uku.

Ta farko ita ce IUI. Ana tace maniyyin maigida a zaɓi masu kuzari, a shigar da su mahaifa da siririn bututu a ranar da ƙwan matar ke fita. Tana dacewa da matsala mai sauƙi, muddin hanyoyin ƙwan matar a buɗe suke.

Ta biyu ita ce IVF. Ana yi wa matar allurai don ƙwai su nuna da yawa, a ciro su, a haɗa da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Louise Brown, wadda aka haifa a Ingila a 1978, ita ce ta farko ta wannan hanya.

Ta uku, ICSI, ita ce ta fi share wa maza hawaye. An fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak ake ɗauka da allura mai siranta ƙwarai a cusa ta cikin ƙwai. Ko da gwaji ya nuna babu ƙwaya ko ɗaya, sau da yawa ana samo su kai tsaye daga maraina, musamman idan hanya ce ta toshe.

Game da halacci, malaman Azhar sun ba da fatawa tun 1980 cewa ya halatta, da sharaɗin maniyyin na miji ne, ƙwan da mahaifar na matarsa ne, kuma igiyar aure na nan.

Sai dai IVF da ICSI na cin miliyoyin naira, ba kullum ake dacewa a karon farko ba, kuma nasara na raguwa yayin da shekarun matar ke ƙaruwa. Ke nan duk shekarar da maigida ya ɓata yana gudun gwaji, daga rabon matarsa ake cirewa.

Idan mijinki ne, ki samu lokacin da kuke ku biyu ki ce, "Mu je a duba mu tare." Idan ɗanki ne, kafin ki kawo masa maganar ƙarin aure, ki tambaye shi ko ya yi gwaji. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba.