Ba Dole Ne Jarumin Labari Ya Zama Ɗan Sarki Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu baza littattafai a bakin titi, a Ikko ko a Badun, ya san irin hoton da a kan yi wa bangon labarun al'ajabi. Ga wani ƙaton Bature riƙe da takobi, ga dodo yana aman wuta, ga kuma gimbiya can gefe tana jiran a cece ta. In an buɗe ciki ma kusan hanya guda ce. Maraya ne aka raina, ashe ɗan sarki ne, wani tsoho ya ba shi makamin tsafi, ya je ya kashe mugu, ya auri gimbiya, ya hau gadon ubansa. Tun da littafin Tolkien, The Lord of the Rings, ya fito a Ingila a 1954 da 1955, masu kwaikwayonsa suka yi ta bin turba ɗaya har ta zama kwari.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai. Yaran da aka haifa a Sabon Badun ko Agege ko Shagamu sun yi nesa da kakar da za ta tara su da dare ta yi musu tatsuniya. Irin waɗannan littattafai da majigi su ne abokan hirarsu. To, yaron da kullum ya ga jarumi bai yi kama da shi ba, sannu a hankali sai ya ɗauka irinsa ba a yi su don jarumtaka ba.

Alhali kuwa marubutan ƙasar nan sun daɗe da karya wannan ƙa'ida. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai. Cikin littattafan da suka yi nasara har aka buga su akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake malamin makarantar Midil ta Katsina. Jaruminsa, Alhaji Imam, ɗan gidan malamai ne, kuma wayo da iya baki su ne makamansa. Shi da Malam Zurƙe suna ta rama wa juna tsiya gari gari, har mai karatu ya kan rasa wanda ya fi wani ɓarna. Wannan gado ne na Gizo, wanda ba shi da ƙarfin Zaki amma ya kan ci Zaki da dabara. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro ɗan ƙasar Hausa ya kai shi yawon sararin samaniya.

Yarbawa ma ba a bar su baya ba. D. O. Fagunwa ya buga labarin maharbi a dajin aljannu da harshen Yarbanci a 1938, Wole Soyinka ya mai da shi Turanci a 1968. Amos Tutuola kuwa, a littafinsa The Palm-Wine Drinkard da aka buga a London a 1952, sai ya sa mashayin bammi ya zama jarumi. Ba sarauta ta fitar da shi gida ba, mutumin da ke sauko masa da bammi ne ya mutu, shi ya sa ya kama hanyar garin matattu nemansa.

A zamanin nan wadda ta fi yin suna wajen juya labari ita ce Nnedi Okorafor, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka a 1974. A littafinta Akata Witch na 2011, jarumar yarinya ce zabiya mai suna Sunny da ke zaune a Aba. Abin da mutane ke yi mata gori a kai, shi ne tushen ƙarfinta. A wannan duniya kuɗi na faɗowa ne idan mutum ya koyi wani sabon abu, kuma na jan ƙarfe ya fi na zinariya daraja. Kafin wannan, a 2007, ta rubuta The Shadow Speaker, ta kafa labarin a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Wani littafin nata, Who Fears Death, ya ci babbar lambar labarun al'ajabi ta duniya a 2011. Shi kuma Suyi Davies Okungbowa, a David Mogo, Godhunter na 2019, cikin unguwannin Ikko ya zuba iskokinsa.

In aka duba, abu uku waɗannan marubuta suka taɓa: wane ne jarumi, daga ina ƙarfinsa ya fito, a ina kuma abin ya faru. Naɗa wa jarumin Turawa rawani a canza masa suna bai isa ba, don an ce ko biri ya yi ado, biri ne. Sai an tambayi dalilin da ya sa dole mugu ya zama baƙi mummuna, da dalilin da ya sa mace ba ta da aiki sai kuka. Wannan tambaya ta hau kan masu rubuta littattafan yaƙi na Hausa a Kano ma, domin da yawansu sadauki ne da boka da gimbiya a wani birni mai nisa da ba wanda ya taɓa gani.

Ga kaya kuwa a zango kwance. Ga mai fataucin goro da ya san hanyar Shagamu zuwa Kano kamar tafin hannunsa, ga mai gadi da ke kwana ido biyu yana ganin abin da masu gida ba su gani, ga yarinya mai jin Hausa da Yarbanci da Turanci wadda kowane ɓangare ke ce mata baƙuwa. Kowannensu ya isa a ɗora masa littafi guda.

Kafin a sami mai rubutawa, magidancin da ya je ganin gida zai kyauta in ya haɗa wa yara tsaraba da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce tare da kilishi da ƙuli-ƙuli, ya kuma zauna ya karanta musu bayan sallar isha'i.