Kadiri Ikhana: Daga Tsaron Baya Zuwa Horar da Kano Pillars

Matasanmu da ke buga ƙwallo da yamma a Dukawuya da sauran unguwannin cikin ganuwa sun fi sha'awar mai zura ƙwallo a raga. Alhali ɗan baya shi ke hango fili gaba ɗaya, yana tsara abokan wasansa, kuma wannan ne harsashin aikin horarwa.

Misali mafi kusa da mu shi ne Kadiri Ikhana. Ya buga wa Bendel Insurance ta birnin Benin, yana kuma cikin tawagar Nijeriya da ta ci Kofin Afirka a Legas a 1980. Da ya daina wasa sai ya koma horarwa. A 2003 ya jagoranci Enyimba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka, karo na farko ga wata ƙungiyar Nijeriya. A 2008 kuma ya kawo wa Kano Pillars kofinta na farko na gasar ƙasa.

Ƙarfin ƙafa yakan ƙare, ilimi kuwa yana tare da mai shi. Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, dagatai da masu unguwanni su taimaka wa tsofaffin 'yan wasanmu su samu horo da takardar shaidar horarwa, don kada basirarsu ta salwanta.