Ba Darbejiya Ke Haifar Sauro Ba

Ranar Asabar da ta wuce na dawo daga kasuwa na tarar da ƙofar gidan maƙwabcina fayau, rana na dukan dakali. Darbejiyar da na taso na gani a wurin, wadda mai shayi ke rabewa a gindinta, dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan azahar, ga ta kwance an daddatsa, yaro na loda itacen a kura. Na ce, "Alhaji, lafiya? Me ta yi?" Ya ce, "Malam, ai ita ke tara mana sauro. Yara uku zazzaɓi ya kwantar mini a daminar nan." Yana faɗar haka, kwatar bakin ƙofarsa a toshe take, ruwa ya yi kore, 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki.

Ita ce ta huɗu da aka sare a layinmu da wannan hujja, kuma wallahi na gaji da jin ta.

Sauro ba ya ƙwai a ganye, ba ya yi a reshe. A ruwan da ke kwance yake yi, nan ƙwan ke ƙyanƙyashewa ya zama tsutsa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya yi fiffike ya tashi. Waɗancan tsutsotsin na kwatar Alhaji su ne masu kukan da zai hana shi barci mako mai zuwa. Shi kuwa mai kawo zazzaɓi, wanda likitoci ke kira anofilis, ya ma fi son ɗan ruwa mai haske da rana ke bugawa: ramin da aka ɗebi ƙasar gini, sawun tayar mota a layin da ba kwalta, gefen kududdufi. Wato inuwa ba ta cikin abin da yake nema don haihuwa. Ka sare bishiyar unguwa kaf, muddin waɗannan ruwaye na nan, sauro na nan.

To me ya sa mutane suka yarda? Bishiya na cika da ganye ne da damina, daidai lokacin da ruwa ke kwanciya ko'ina, sai aka ɗora wa wadda ido ke gani laifin wanda ba a lura da shi. Sannan idan an zauna hira a gindinta da magariba ana ta marin ƙafa, sai a ce ga shi nan daga sama yake saukowa. Mutanen ya biyo. Numfashinmu da warin guminmu ke jawo shi, ko a tsakiyar fili muka zauna zai zo. Gaskiya ne yana laɓewa da rana a wuri mai duhu da sanyi, amma ciyawa mai duhu da ƙarƙashin gado da bayan rigunan da aka rataye sun fi masa saman bishiya inda iska ke kaɗawa. Idan bishiya na da kogon da ke riƙe ruwa, a cika shi da yashi, magana ta ƙare. Abin dariyar ma, wannan darbejiyar ce ake tsinkar ganyenta a yi hayaƙin korar sauro, washegari a ɗauko mata gatari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Ciwo ne na gaske, kuma maganinsa sananne ne: gidan sauro, yashe kwata, cike ramuka, kai yaro asibiti da wuri.

Ita darbejiya, ko dogon yaro, ko bedi, baƙuwa ce daga Indiya. A 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno, kuma duk wanda ya taɓa shiga Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san bashin da garin ke ɗauke da shi na waɗanda suka jera ta a bakin tituna. Ba su sha inuwar ba, mu muka sha. 

Mai son ya gyara ya dasa sabuwa, ya jira ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. Ya haƙa rami zurfin kamu ɗaya, ya gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe, ya yage ledar dashen kafin ya binne, don sau da yawa na ga an dasa da leda an koma ana cewa ƙasar ce ba ta da kyau. A ja da baya daga katanga kamar taku biyar, kada kuma a dasa a ƙarƙashin wayar lantarki, in ba haka ba shekara biyar masu gyaran wuta za su gundule ta. Babban maƙiyin dashe akuya ce, sai a kewaye shi da ƙaya ko bulo ko tsohon kwando. Wanda zai sa tsohuwar taya ya huda ta, kada ya gina wa sauro gida da hannunsa. Rani biyu na farko su ne wahalar, kuma ruwan alwala ya isa. A ajiye buta a gindinta kawai. Gara ta taso, a barbaɗa toka. Ga manyan da muka gada kuwa, a daina ƙona shara a jikinsu, a daina zuba baƙin mai, masu sassaƙen maɗaci su daina zagaye gindi da wuƙa, domin ta cikin ɓawon nan abinci ke sauka zuwa saiwa, an zagaye shi an kashe ta. Reshe ya dami rufi, a rage reshen. Kuma ya kamata mai unguwa ya sa doka: ba a taɓa bishiyar bakin titi sai an zo gabansa.

Kututturen darbejiya yakan yi toho. Na roƙi Alhaji idan ya fito ya zaɓi biyu masu ƙarfi ya bari, ya cire sauran, kamar yadda manoman Maraɗi suka dawo da itatuwan gonakinsu daga tsofaffin kututture. Ya ce zai duba. Mai shayi dai ya kwashe teburinsa ya koma layin baya, kwatar kuma har yau ba a yashe ta ba.