Dutse ko Kano: wane filin jirgi ne ya fi kusa da ɗan Haɗejia?

Ka samu kiran ganawar neman aiki a Abuja ranar Litinin da safe, kana Haɗejia. Ka zaro waya ka buɗe taswira, sai ka ga filayen jirgi biyu: na Malam Aminu Kano, da na Dutse wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamido. To wanne za ka nufa?

A miƙe, yadda jirgi ke bi, tsakanin filayen biyu kusan kilomita 90 ne kacal. Da a ce jirgin fasinja zai yi wannan tafiya, kafin ka gama gyara zama an fara shirin sauka. A mota kuwa sai ka zagaya ta Wudil, tafiyar ta haura kilomita 100, ga cunkoson shiga Kano. Duk da haka motar ta fi, domin layin tantancewa da jiran tashi kaɗai sun cinye lokacin da jirgin zai rage maka.

Daga Haɗejia, a miƙe Dutse ba ta wuce kilomita 110 ba, Kano kuma kusan 170. A ido dai Dutse ta ci gasa. Amma fa kusa ba ita ce sauri ba. Kano ce ke da jiragen Abuja da Legas kullum. Dutse an fi saninta da jigilar alhazan Jigawa, don haka kar ka kama hanya sai ka tabbatar akwai jirgi a ranar.

Sai babbar magana, wato ruwa. Hanyar Dutse ta Kafin Hausa da Jahun tana ratsa fadamar Kogin Haɗejia. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa, ga ciyawar kacalla ta toshe wa ruwa hanya, sai kogi ya fantsama. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an ba shi labari ba: hanyoyi suka yanke, wasu garuruwan sai da kwale-kwale. Taswirar waya ba ta san gada ta karye jiya da dare ba. Direban tasha ya sani.

Shi ya sa kafin ka biya kuɗin tikiti, ka leƙa tasha ka tambaya ko hanya na biyuwa. Idan Kano za ka, ta Malam Madori da Gujungu da Gezawa, kuma jirginka na safe ne, ka tafi tun jajibiri ka kwana wajen 'yan uwa ko aboki. Kuɗin kwana ɗaya bai kai asarar tikiti ba, balle aikin da ka daɗe kana addu'ar samu. Da wuri ake kama fara. Allah ya kai mu lafiya.