Za ka je Bagudo ka leƙa Benin? Karanta wannan kafin ka shiga tasha

Wataƙila biki aka gayyace ka, ko bautar ƙasa ta jefa ka, ko kuma hotunan kogin Neja da kake gani a TikTok da Facebook ne suka ja ka. Ko ma dai mene ne, idan Bagudo ka nufa a motar haya kuma kana da niyyar taka ƙasar Benin, ka sani tafiyar ba irin ta Kano zuwa Zariya ba ce. Google Maps zai nuna maka hanya ya ƙiyasta maka awoyi, amma bai san sai mota ta cika take tashi ba, bai kuma san shingayen bincike nawa ke gabanka ba.

Bagudo ƙaramar hukuma ce a jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu, kuma kogin Neja ya ratsa ta. Garin Bagudo yana wannan gefen, su Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya suna ƙetare, gadar Tuga ce ke haɗa su. Ta Tsamiya ake ɓullewa Segbana a jihar Alibori ta Benin, daga can a wuce Kandi. Lolo kuwa ta fi kusa da ɓangaren Malanville, garin babbar kasuwar nan da ke fuskantar Gaya ta Nijar. Abu na farko ke nan: ka san wace iyaka kake nema, don faɗin "boda za ni" kawai a tasha na iya sa ka kwana inda ba ka nufa ba.

Sammako shi ne rabin tafiyar

Daga Birnin Kebbi ko Jega ko Koko, da safe ake samun mota cikin sauƙi. Ƙananan motoci ne, mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, kaya kuma har but ya ƙi rufuwa. Idan rana ta yi, fasinja ya ragu, za ka iya share awa biyu kana jiran mutum ɗaya ya cike gurbi. Ka shiga cikin tasha inda 'yan ƙungiyar direbobi suka san direba suka san motarsa. Motar bakin hanya ta fi araha, gaskiya ne, amma in wani abu ya faru ba wanda zai ce ya ga tafiyarka.

Kafin ka biya, ka tambayi fasinjan da ke zaune nawa ya bayar. Ɗan kamasho yana gane baƙo tun daga jakar bayansa da irin Hausarsa. Ka kuma tambaya: motar nan har inda za ni za ta kai, ko sauke ni za a yi a hanya in canza wata? Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ba ya zama wuri guda, saboda haka farashin da abokinka ya gaya maka bara labari ne kawai.

Kabu-kabu da kwalekwale

A cikin gari da ƙauyukan kewaye, babur ne sarki. A nan kabu-kabu ake ce masa, ba acaɓa ba. Ku gama ciniki kafin ka hau, ka faɗi sunan unguwa da alama, kamar masallacin Juma'a ko bakin kasuwa, domin ba da lambar gida ake kwatance ba. Ke kuma 'yar uwa, gara wanda ke tsaye a wurin da aka san 'yan kabu-kabu ke taruwa da wanda ya tsaya miki haka kawai a hanya. Ki turo wa na gida inda kike tun kina da sabis.

Wasu garuruwan bakin kogi, musamman da damina, jirgin ruwa ya fi kai mutum da sauri. A nan ne ake son ka zama mai taurin kai. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da mutane ya nutse a kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta wannan jihar, rayuka da dama suka salwanta. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. Idan ka ga an loda buhuna da babura har bakin jirgi na shafar ruwa, sauka ka jira na gaba. Za a yi maka dariya, a ce ɗan birni ya tsorata. Bar su su yi.

A bakin iyaka

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma ba biza ba ya nufin ba takarda. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Za ka ga mutanen yankin suna shiga suna fita hannu rabbana, don su kasuwarsu ɗaya, auratayya ta haɗa su, jami'an ma sun san fuskokinsu. Kai ba a san ka ba.

Dokar iyaka kuma tana canzawa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020, ta Kamba sai a Afrilun 2022. Saboda haka ka tambayi jami'an shige da fice halin da ake ciki a ranar, ba masu sharhi a WhatsApp ba. Za ka haɗu da ɗan kabu-kabun da zai ce, "Yallaɓai, zo in bi da kai ta baya, minti goma mun shiga." Kada ka yarda. Hanyar daji ta 'yan fasa-ƙwauri ce, kuma duk wanda aka kama a kanta sunansa ɗaya da su. Haka nan in wani ya ce don Allah riƙe mini wannan ƙullin mu wuce shinge, ka ba shi haƙuri. Abin da aka samu a hannunka naka ne.

A shingen bincike ka cire abin kunne, ka yi sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka. Ka mayar da wayarka aljihu, wurin jami'an tsaro ba wurin ɗaukar bidiyo ba ne, ta wannan gefen ko ta wancan.

Ka ƙetare, sai lissafi ya canza

A Benin sefa ake kashewa. Ka yi canji wurin 'yan canjin da ke zaune a fili, bayan ka ji farashi daga mutum biyu ko uku. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin turawa ta waya na iya ƙin tafiya daidai lokacin da direba ke jiranka. Ga abin da ke rikita baƙi: da dala ake ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Ka nemi a rubuta maka lambar a waya kafin ka ce ka yarda.

Ɗan babur a can zem ake kiransa, gajarcen zemijan. 'Yan sandan Benin ba sa wasa da hular kwano, har ga fasinja. Faransanci ne harshen hukuma, za ka kuma ji Dandanci da Fulatanci da Bokanci, amma Hausa za ta fisshe ka a kasuwa da tasha. Agogo ɗaya ne da namu, sai dai layinka na gida zai fara cin kuɗi da zarar ya kama sabis ɗin can.

Maganar da ba a so a yi

Tsaro. A watan Nuwamban 2024 rundunar tsaron Najeriya ta tabbatar da ɓullar Lakurawa a sassan Sakkwato da Kebbi, kotu kuma ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025. Arewacin Benin ma, musamman kewayen gandun dajin W, ya sha hare-hare. Mutane na nan suna noman shinkafa da albasa, suna cin kasuwa kullum, amma sun san lokacin fita da lokacin komawa. Ka yi koyi da su: la'asar ta same ka a masauki. Ka samu wanda zai tarbe ka, ka bi shawararsa ko da ta ɓata maka shiri. Hotunan kuma ka adana su sai ka dawo gida ka saka, ba sai duniya ta san inda kake a daidai wannan lokacin ba.

Matambayi ba ya ɓata, amma ka zaɓi wanda za ka tambaya: dattijon tasha, mai shayi, ko mai masaukinka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.