Gizo-Gizo A Ɗakin Uwargida: Wanne Ne Abin Gudu?

Uwargida, duk tsaftar mace da wuya ta ce ɗakinta bai taɓa yin yana ba. Yau ki share, jibi ki ɗaga kai ki tarar an sake kafa wata a kusurwar silin, kamar da gayya. Abin kunyar ma sai ranar da dangin miji suka zo, idon baƙo kuwa ba ya sauka sai inda aka manta. Wannan ne ke tunzura wasu 'yan uwa mata su ɗauko fiya-fiya su bi lungu da saƙo suna yayyafawa, alhali maganin da ke hannunsu ya fi abin da suke farauta haɗari nesa ba kusa ba.

Da farko dai ki san wanda kike zaune da shi. Gizo-gizo ƙafafunsa takwas ne, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike. In kin ƙirga ƙafa shida, to wani ƙwaro ne daban. Masana sun tantance irinsa sama da 50,000 a duniya, amma waɗanda ke iya yi wa mutum mummunan lahani 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma akasarin na gidajenmu ba sa cikinsu.

Wanda kika fi gani shi ne mai siraran dogayen ƙafafu da ɗan mitsitsin jiki, mai rataye a kusurwar ɗaki ko bayan gida. In kika taɓa yanarsa sai ya kama karkarwa da sauri don ya ruɗa maƙiyi. Shi ne mai yawan ɓata mana silin, amma ba ya cutar da kowa, sauro da ƙananan ƙwari yake ci. Akwai kuma ƙaton nan mai ruwan ƙasa, mai faɗi, da ke fitowa bango da dare ya sa yara ihu. Shi ba ya saƙa yanar kamu, da gudu yake farauta, kuma kyankyaso na cikin abincinsa. In kin ga macensa ɗauke da wani farin abu kamar ɗan faifai a ƙarƙashin cikinta, jakar ƙwanta ce. Sai ɗan ƙaramin nan mai tsalle a taga da rana yana bin ƙuda, shi kam ba ruwansa da ke.

Guda ɗaya ne ya kamata ki buɗe ido a kansa. Jikinsa ruwan ƙasa ne ko toka-toka, cikinsa dunƙulalle kamar ƙwayar gujiya, a ƙarƙashin cikin akwai tambari ja ko ruwan goro mai siffar kalangu. Yanarsa a hargitse take, mai ƙarfi, kuma ba ya son sarari: ƙarƙashin kujerar roba, bakin bokitin da aka kife, tsohuwar taya, akurkin kaji, bayan tulin itace. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce jakar ƙwansa, 'yar ƙwallo fara-fara mai tsini-tsini kewaye da ita kamar ƙaya. Matsoraci ne, ba ya cizo sai an matse shi, amma cizon nasa na da zafi, ga ƙaramin yaro kuma ba abin wasa ba ne. Wuraren da yake ɓuya su ne daidai inda mai rarrafe ke cusa hannu.

In aka yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. In yaro ya fara murɗawar ciki, ko gumi mai yawa, ko amai, ko numfashi na yi masa wuya, ko kuma jan wurin na ta faɗaɗa, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

A nan sai mu taɓo maganar tautau. Mun taso muna ji, da zarar yaro ya tashi da ƙuraje masu ruwa a wuya ko a leɓe sai a ce tautau ne ya yi masa fitsari. Bawan Allah, laifin da ake ɗora masa ya fi wanda ya aikata. Sau da yawa mai aikin wani siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, wanda hasken fitila ke jawowa, musamman da damina. Ba ya cizo. Guba ce a cikin jikinsa, sai an murƙushe shi a kan fata take fita, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya tashi kamar ƙuna. Don haka ki koya wa yara in ƙwaro ya sauka musu su hure shi ko su kaɗe shi, kada su mare shi. In an riga an murƙushe, a wanke da sabulu nan take, kuma kada hannun ya je ido. Ƙurajen leɓe da ke fitowa bayan zazzaɓi kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo su. Haka masu fesowa a jere a gefe ɗaya na jiki da raɗaɗi, ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki ta farka, kuma maganinta ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko. Wadda ta tsaya neman tautau a bango, lokacin nan ne ke wuce ta.

To yaya za a rabu da su? Gizo-gizo abinci yake bi. Ɗakin da ya cika da yana, ɗaki ne da sauro da ƙuda ke shiga. Ki sa a gyara ragar taga, a toshe tsagar bango da ƙasan ƙofa, a rufe kwandon shara, a kwashe kwata. Ƙwan lantarkin waje in da hali a nisanta shi da bakin ƙofa, ko a sa mai launin rawaya, don bai kai fari jawo ƙwari ba.

Sai tsintsiya. Ki ɗaura ta a dogon gora, sau ɗaya a mako ki bi kusurwoyi, bayan labule, ƙarƙashin gado, da saman kabad inda jeren kwanuka ke shekara ba a motsa ba. Abin da mata da yawa ke mantawa shi ne ƙwan. Jaka ɗaya na iya fitar da 'ya'ya gommai, wata ma fiye da 100, saboda haka in kin gan ta ki murƙushe ta da takalmi ko ki jefa a murhu, kada ki share ta zuwa tsakar gida kawai. Sito kuma a rage tarkacen kwali da tsofaffin buhuna. Takalman makaranta da kayan da suka kwana a igiya a kakkaɓe su kafin a sa, dama ko don kunama ya kamata.

Feshi kuwa amfaninsa kaɗan ne a nan, domin mai yana ba ya yawo a ƙasa balle ya taka magani, ƙwan kuma yana lulluɓe cikin jakarsa. Fiya-fiya da ire-irensa sinadarin gona ne mai ƙarfi, shi ya sa a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa a kasuwanni da kantuna. Shaƙarsa a rufaffen ɗaki na iya kai yaro asibiti, balle wanda aka ɗura a robar lemo aka ajiye a ƙasan gado. In ya zama dole sai kin yi feshi, ki sayi na gwangwani mai rajista wanda aka yi don cikin gida, ki rufe abinci da ruwan sha, ki fitar da yara, sannan ki buɗe tagogi iska ta ratsa kafin kowa ya koma ɗakin.