Zaman Nassarawa GRA: Katanga Ta Yi Tsawo, Ina Maƙwabci?

Duk wanda ya baro hayaniyar kasuwar Sabon Gari da rana tsaka, ya shiga Titin Sakkwato ko Titin Alu a Nassarawa GRA, nan da nan zai ji kamar an sauke masa kaya. Ga inuwar darbejiya, ga hanyoyi masu faɗi, ga shiru. Iyalai da yawa a Kano suna marmarin su sami ko da ɗaki biyu ne a wannan unguwa. Amma waɗanda suka daɗe a cikinta sun san akwai abu guda da yake da wuyar samu a nan, wato maƙwabci. Ana iya shekara biyar katanga ɗaya da mutum ba a san sunan 'ya'yansa ba. To, me ya kawo haka, me kuma iyali za su yi?

Yadda aka shata unguwar

Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su zauna cikin birni ba. Sai suka kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, wajen gidan Sarki na Nassarawa. Nan Razdan ya zauna, nan kuma Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Gidansa na ƙasa yana nan har yau, an mai da shi wurin adana kayan tarihi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi suka yi ta zuwa daga Kudu, aka yanka musu Sabon Gari.

A 1917 gwamnatin Lugga ta yi dokar tsarin garuruwa. A tsarin wancan zamani akan bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini a ciki, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga gidajen 'yan ƙasa ya kai musu. Kowane gida aka ba shi fili babba, aka sa shi can tsakiya, nesa da hanya, nesa da gidan kusa. Ba zaure, ba dandali, ba kasuwa. Bature yakan sadu da ɗan'uwansa a kulob, ko a filin sukuwa. 'Yan ƙasa da aka yarda su kwana a unguwar su ne kuku da boyi da mai gadi, a ƙananan ɗakunan bayan gida.

Ashe kuwa tun farko don nisanta mutane aka shata wurin. Bayan samun mulkin kai a 1960, da kuma kafa Jihar Kano a 1967 da Audu Bako ya zama gwamnanta na farko, manyan ma'aikata da attajirai 'yan ƙasa suka gaji gidajen. Suka gaji inuwar, suka gaji nisan kuma.

Abin da birni yake da shi

Mu dubi tsohon birni, kamar Yakasai ko Mandawari. Lungu ƙunci gare shi, lambatu kuma yakan dami mutane da damina. Duk da haka idan mace ta haihu da dare, kafin gari ya waye maƙwabta sun hura wuta sun dafa ruwan wanka. Idan baƙo ya shigo yana leƙe-leƙe, dattawan da ke zaune a ƙofar zaure sun gan shi. Yaro ya yi rashin kunya a waje, wanda ya fara gani shi zai kwaɓe shi, gama ɗa na kowa ne. Akwai mai unguwa, wanda ake kai wa ƙaramar rigima tun ba ta kai ga 'yan sanda ba. Haka kuma a Sabon Gari, iyali goma sukan haɗa tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Suna faɗa kan layin ɗiban ruwa, amma ba wanda zai kwana da ciwo ba a sani ba.

A GRA kuwa, maigida yakan fita da mota, ya dawo da mota, a rufe ƙofar ƙarfe. Uwargida tana wurin aiki, ko tana ciki ita kaɗai. Yara daga makaranta sai talabijin da waya. Sau da yawa mai gadi da 'yar aiki sun fi iyaye sanin abin da yaro yake ciki.

Unguwar tana sakewa

Nassarawa ta yau ba ta zamanin Razdan ba ce. Filin da dā gida ɗaya ne a ciki, yanzu an yanka shi huɗu ko shida. An sare manyan itatuwa don a sami wurin gini, alhali kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan wuce digiri 40, inuwar nan kuwa ita ce babbar dukiyar unguwar. Gidajen kwana da yawa sun zama otal, asibiti, makarantar kuɗi, ko ofis. Ruwan famfo ba abin dogara ba ne, sai kowa ya haƙa rijiyar burtsatse tasa, kowa ya ta da janareta nasa, hayaƙi da ƙara kuwa su faɗa gidan maƙwabci.

Sa'an nan ga tsoro. Ran 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka kai hari wurare da dama a Kano, har da hedkwatar 'yan sanda ta Bompai da ke kusa, mutum fiye da 180 suka rasu. Bayan wannan aka ƙara wa katangu tsawo, aka ɗora musu waya mai ƙaya, aka datse waɗansu hanyoyi. Ba mai ganin laifin wanda ya tsare iyalinsa. Sai dai mu tuna, katangar da ta hana ɓarawo gani ita ce take hana maƙwabci jin ihu. Tsohon da ya yi ritaya, 'ya'yansa suna Abuja ko Ingila, idan ya faɗi a banɗaki da dare, wa zai sani? Asibitin Nassarawa, wanda yanzu ake kira Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ga shi nan kusa, amma sai an sami mai ɗauka tukuna.

Abin da iyali za su iya yi

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Na farko dai, a taka. Maigida ya san gida biyu na dama, biyu na hagu, da na gaba, ya san sunan masu su, a kuma yi musayar lambar waya. Sabon mai tarewa kada ya jira a zo masa. Ya shiga ya gai da mutane a makon farko.

Na biyu, kada a bar al'adar kai kwano ta mutu. Kanawa sun daɗe suna aika wa maƙwabta naman Salla, Kirista kuma suna aika shinkafar Kirsimeti. A aiki yara su kai da hannunsu, su durƙusa su ce, "Baba, ina wuni? Mama ta ce a kawo muku." Ta haka yaro yake koyon cewa mutumin bayan katanga mutum ne, ko addininsu ɗaya ko ba ɗaya ba.

Na uku, a tuna da mutanen ɗakunan baya. Direba, mai gadi, mai wanki, da ƙaramin ma'aikacin da ya kama haya a can, su ma 'yan unguwa ne. Su ne suke nan da rana sa'ad da masu gida suka fita, su ne za su fara ganin hayaƙi idan gobara ta tashi. Wanda ya hana su ɗiban ruwa a famfonsa, ko ya riƙe musu albashi, ƙofarsa ya bari a buɗe.

Na huɗu, mutanen layi ɗaya su riƙa zama ko sau ɗaya a wata, su yi shawara kan kwashe shara, yashe lambatu kafin damina, fitilar hanya, da lokacin kashe janareta. Idan wani yana so ya mai da gidan kwana wurin biki ko masana'anta, akwai hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA. Kukan mutum goma ya fi na mutum ɗaya ƙarfi a gabanta. Wanda kuma ya sare itace, ya dasa biyu a madadinsa.

Ya ku iyaye, Turawan da suka auna yadi 440 sun tafi tun 1960. Nisan da ya rage tsakanin ƙofarku da ta maƙwabci bai fi taku ashirin ba. Ranar Asabar mai zuwa da la'asar, ku riƙe hannun yaranku, ku je ku yi sallama.